Wanzami Mai Lallashin Jijiya

"Aljanu ne suka hau shi?"

"A'a, wai jijiya yake lallashi."

Sirajo yana jin masu jiran aski, amma ba halin waiwaye, don askar tana kan wuyansa. Mai yi masa askin baƙon wanzami ne a kasuwar Dungas, dogo, mai furfura a gemu. Da an ɓata masa rai sai ya ja numfashi har cikinsa ya kumbura, ya sake shi da ƙugi kamar zuma a amya, wani lokaci har ya kurkure maƙogwaro da ruwan buta. Wai akwai jijiyar da ta taso daga ƙeya ta gangara ciki, in ta ji ƙugi zuciya sai ta kwanta. 'Yarsa ce ta nuna masa a salula. Daga tabon goshinsa, Sirajo yana zaton dā mafaɗaci ne.

Sai ga wani ɗan kabu-kabu ya take wa wanzamin zabira, jakar kayan askinsa. Wanzami ya rufe ido ruf, ya kama "mmmm", hannun kuwa bai fasa aski ba.

"Sarkin aska," in ji Sirajo a hankali, "don Allah ka yi fushinka kawai, amma ido buɗe."