Ƙafar Kaka Mai Koko

Da sakamakon jarrabawarmu ta gama sakandare ya fito, kimiyya da lissafi ne suka kayar da ni. Sauran darussan na ci daidai gwargwado, amma makarantar koyon aikin jinya ba ta karɓar mutum in waɗannan biyun suna ƙasa. Baba ya daɗe yana kallon sakamakon a wayarsa, ƙafarsa tana kan keken ɗinki, sannan ya ce ba komai, in shiga rimidiyal. Rimidiyal shi ne ajin da waɗanda suka faɗi suke komawa su sake shiri kafin su sake zama jarrabawar.

Ajin namu yana saman wani bene a unguwar Tishigu, a ƙasansa masu gyaran moto ne, wato babur. In suka tayar da inji sai Masta, malaminmu, ya dakata da magana, alli a hannu, har su kashe. Yawancinmu 'yan mata ne masu son aikin jinya, har da wata matar aure da take zuwa da goyo tana jijjiga shi da baya tana rubutu. Ni ina zama a bencin ƙarshe, kusa da taga, inda ba a cika nuna mutum a ce ya amsa tambaya ba. A makonnin farko mun yi ta fama da sunayen sinadarai, muka leƙa ɓawon albasa a madubin ƙara girma muka zana abin da muka gani. Babu wanda ya ambaci mara lafiya ko sau ɗaya.

Masta ya ce ranar gwaji kowa ya zo da doguwar farar riga, don kada sinadari ya ci masa kaya. Baba da kansa ya ɗinka mini tawa, ya ƙara mata aljihun ƙirji ba tare da an ce ya sa ba. Na wanke ta na shanya a igiyar tsakar gida.

Gidanmu a unguwar Aboabo gidan haya ne, ɗakuna a kewaye, famfo ɗaya, igiya ɗaya. A ɗakin da ke kusa da zaure wata tsohuwa take, wadda kowa yake kira Kaka. Ba mu haɗa jini da ita ba. Daga wani ƙauyen Dagomba ta zo tun kafin a haife ni, kuma koko take sayarwa a ƙofar gida kowace safiya. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta. Mahaifiyata kuwa, da muke kira Mma, har yau Amarya take ce mata, don ta ga ranar da aka kawo ta gidan.

Kaka ta tsaya gaban rigar tana kallo, hannu a ƙugu.

"Amarya, rigar wa ne wannan?"

"Ta jikarki ce," in ji Mma.

"Shiru-shirun nan? Ya zama nas ke nan ba a gaya mini ba?"

Na ce, "A'a Kaka, rimidiyal nake yi. Ban ma shiga ba."

"To, shi ne dai," in ji ta, ta shafa aljihun ƙirjin da bayan yatsa.

Daga ranar sunana a gidan ya koma Nas. Da farko abin wasa ne, har ina jin daɗinsa a ɓoye. Matan gida suna miƙo mini kwalin magani in karanta musu sau nawa ake sha, ni kuma in karanta, don a rubuce yake.

Ba a daɗe ba garwashi ya faɗo wa Kaka a babban yatsan ƙafar dama tana dama koko. Ita ta ba mu labarin tana dariya. Ta ce ba ta ji komai ba, sai da ta ji ƙauri ta duba ƙasa, ta ɗauka ƙosan maƙwabciyarta ne yake ƙonewa. Kowa ya yi dariya. Ni abin ya tsaya mini a rai, yadda wuta za ta ci mutum bai ji ba, amma ban san me hakan yake nufi ba. Na dai san tana da ciwon suga, don ina ganin ƙwayoyinta a cikin tsohon gwangwanin madara a kan taga.

Da yamma ta kira ni. Ta riga ta ɗora ruwa ya yi ɗumi, ta zuba gishiri, ta yago tsohon zane mai tsabta.

"Nas, zo ka duba mini."

Na tsuguna. Wurin bai fi girman ƙwayar gyaɗa ba, fari a tsakiya, ja a gefe.

"Kaka, ni ban san komai a kan ciwo ba. Ki je asibiti."

"Asibiti? In tafi da asuba in dawo da la'asar, wa zai dama wa yaran makaranta koko? Kai za ka dama?"

"Wallahi ban sani ba, Kaka."

Ta juya wajen matan da ke wanke-wanke a bakin famfo. "Kun ji shi? Wai bai sani ba. Amarya, ka iya reno. Yaran yanzu in sun karanta shafi biyu sai su cika gida da Turanci, naka kuwa ko ya sani sai ya ce bai sani ba."

Mma ta sunkuyar da kai tana murmushi, irin murmushin da take yi in an yabi miyarta.

A gidanmu haka aka rene mu. In an ce tuwonki ya yi daɗi, sai ki ce ai ya ɗan yi ruwa. In an ce kin iya kitso, sai ki ce koyo kike. Yarinyar da ta amsa yabo da "e" ba ta da kunya. Ni kuma na fi duk yaran gidan iya wannan, har da ni ake yi wa sauran misali. Saboda haka ranar da na ce ban sani ba, ina nufin ban sani ba ɗin, sai aka ji ta kamar maganar tuwon. Duk yadda na sake faɗa, ƙara yaba mini ake yi.

Na wanke mata ƙafar. Babba ta miƙo miki ƙafa, ga ruwa ga tsumma, ba a tashi a bar ta. Washegari ma na wanke, haka ya zama aikina in na dawo daga Tishigu. Ina ajiye jaka, in ci abinci, in ji muryarta daga zaure: "Nas ya dawo?"

Ina lura da wurin fiye da yadda nake lura da allo. Jan gefen ya faɗaɗa. Daga baya farin tsakiyar ya koma ruwan toka, ƙasan farcen ya fara duhu. Silifas ɗinta ya daina shiga, sai ta riƙa take bayansa tana jan ƙafar. Da safe in na fito zan tafi aji, ina ganin ta tura ƙafar ƙarƙashin teburin koko ta rufe da gefen zane, tana korar ƙuda da ɗaya ƙafar ba tare da ta kalli ƙasa ba. Hannunta kuwa bai fasa aiki ba, ludayi yana shiga yana fita, tana tsokanar masu saye, wannan ta ce masa marowaci, wancan ta ce matarsa ta kore shi ba karin kumallo.

Ban taɓa yi wa Masta magana ni kaɗai ba. Ranar da na yi, sai da na jira kowa ya sauka, na same shi a ƙasa yana ɗaure littattafai a bayan motonsa da igiyar roba. Masu gyara suna ta buga ƙarfe, dole na maimaita tambayar don bai ji ta farko ba. Na ce in mai ciwon suga ya ƙone a yatsa, wurin ya fara baƙi, me ake sa masa.

"Wane ne?"

"Kakarmu."

Ya saki igiyar. "Ni malamin aji ne, ba likita ba. Ba a sa masa komai a gida. Ku kai ta asibiti yau, kada ku bari sai gobe."

Da Turanci ya faɗa. A cikin yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, tun daga Tishigu har kwanar gidanmu, ina ta juya maganar zuwa Hausa a zuciyata, ina neman yadda zan faɗe ta da nauyinta ba tare da ta zama rashin kunya ba.

Na tarar da Kaka tana tace ƙullun gero, ƙafar a miƙe kan kujera 'yar tsuguno. Na durƙusa na ce Masta ya ce a kai ta asibiti yau.

"Masta ya ga ƙafar?"

"A'a."

"To kai ka gani. Kullum kai kake gani. Wa ya fi sani, wanda ya gani ko wanda aka ba labari?"

"Kaka, ni albasa kawai muka duba."

Matan gida suka fashe da dariya, ita ma ta yi har da share ido. Ta ce in na gama da albasa in zo ga tumatir. Sannan ta rage murya, yadda ni kaɗai zan ji, ta ce wata ƙawarta ta shiga asibiti da ƙafa biyu ta fito da ɗaya, ita ba za ta kai musu tata ba alhali Allah ya kawo mata nas har gida.

A ɗaki na sake gaya wa Mma. Wannan karon ba ta yi murmushi ba. Ta fita ta yi wa Kaka magana da kanta, Baba ma ya yi mata bayan sallar magariba, ta ce musu to, in an sha wani biki da za a yi a unguwa ranar Juma'a za ta je. Juma'ar ta wuce. Na tambayi Mma ko in daina wankewa, wataƙila in ta ga babu mai yi mata ta tafi. Mma ta ce, "Ki daina, a ce daga shiga makaranta kin fara ƙyamar tsofaffi? Kuma in kin daina wa zai wanke? Babba ce, ba a jan ta da igiya." Na ci gaba da wankewa. Wurin ya fara wari, na koyi shaƙar numfashi ta baki don kada ta gani a fuskata.

Wata safiya na fito da jakata na ga yara tsaye a ƙofar gida da kofuna a hannu, teburin babu kowa, murhu a sanyaye. Mma ta tura ƙofar Kaka, muka same ta a ƙudundune cikin zannuwa tana rawar ɗari, jikinta kamar wuta. Baba ya tsayar da yalo-yalo, aka ɗauke ta. Ni aka ce in bi su, tunda ni ce nas.

Wadda ta karɓe mu a asibiti ba ta girme ni da yawa ba. Agogo ne maƙale a ƙirjin rigarta, farcenta a yanke ƙwarai. Ta warware tsumman a hankali, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi Kaka da Dagbanci, yarensu Kaka, wa yake wanke mata. Kaka ta ɗaga hannu da ƙyar ta nuna ni.

"Nas ɗinmu."

Matar ta juyo. "Kina wace shekara a makarantar?"

"Ban shiga ba. Rimidiyal nake yi. Ban san komai ba."

"To," in ji ta. Ta karɓi maganar yadda na faɗe ta, ita ce ta farko da ta yi haka. "Kin wanke shi da tsabta. Irin wannan ne wanki ba ya isarsa. Zo ki riƙe mata hannu."

Na riƙe. Tafin hannun Kaka yana da kanta a daidai inda ludayi yake zama.

Sun yanke babban yatsan da na kusa da shi, da wani sashe na gaban ƙafar. Likita ya gaya wa Baba cewa da an zo tun wurin yana ja, da magani da hutu sun isa. Baba bai maimaita wannan a gida ba, ni ce na ji don ina tsaye a bayansa.

Da aka sallame ta ba ta iya doguwar tsayuwa, koko kuwa a tsaye ake dama shi. Ɗanta ya zo daga ƙauye da motokin, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, aka loda tukwanen, da teburin, da rariyar tata, aka shimfiɗa mata katifa a tsakiyar kayan. Kafin su tashi ta kira ni ta nuna wa ɗan.

"Ka gan shi nan. Shi ya riƙe ni duk kwanakin nan. Ba don shi ba da duka ƙafar ta tafi."

Na ce, "Kaka, ba haka ba ne."

"Ka ji ko?" ta ce wa ɗan. "Haka yake. Ba ya karɓa."

Har yanzu ina zuwa Tishigu, jarrabawar ba ta zo ba tukuna. Kwanan baya muka iso darasin yadda jini yake zagaya jiki. Masta ya zana ƙafa a allo, ya ja jijiyoyi da jan alli har zuwa yatsu, ya bayyana yadda suga yake toshe ƙananan, ya kashe masu kai saƙon zafi, har mutum ya taka wuta bai ji ba. Bai kalli bencin ƙarshe ba, ina jin ya manta. Na kwafi zanen duka. Na tambayi kaina ko da a makon farko aka koya mana wannan maimakon albasa, da na iya faɗar sa yadda za a ji. Ban tabbata ba. Muryar dai tawa ce, gidan kuma namu ne.

Wani mai kawo doya daga ƙauyensu Kaka ya ce ya gan ta. Tana zaune a inuwa tana ɓare gyaɗa, ba ta zuwa ko'ina, kuma ta rame. Ya ce ta tambaya ko yaran unguwa sun sami wani wurin sayen koko.