Ranar da Abdussalami Ya Wanke Tulun Ƙullu

Abdussalami jikan yayata ne, don haka tun yana cikin tsumma nake kiransa mijina, shi kuma tun da bakinsa ya buɗe yake cewa ya sake ni. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, ta laka, gajeriya. In na kife turmi na taka, har abin da ke tafasa a tukunyarsu ina gani. Na faɗi haka ne don kada wani ya tambaye ni inda na samo labarin.

Ubansa manomi ne, yana da hawasha, wato gonar noman rani, a nan ƙauyenmu na bakin tur'a, magudanar ruwan ban-ruwa, kusa da Managil: auduga, dawa, gyaɗa. Ya so ɗan ya gaje shi. Ɗan ya dubi laka, ya dubi sauro, ya bi mota. Ya fara da rataya a ƙofar bas yana kiran fasinja har muryarsa ta zama ta kwaɗo, daga baya aka ba shi sitiyari. Shekara goma sha shida yana hanyar Managil zuwa Hartum. Ana sallame sallar asuba ya fita, sai bayan isha a ji tarinsa a ƙofa. 'Ya'yansa biyu, Kausar mai shekara shida da Hanaa da ba ta cika uku ba, sun san shi yadda ake sanin mai kawo ruwa a kan jaki: wani mutum mai warin gas da ke ajiye ledar ayaba ya wuce. Ba mugun uba ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Bai taɓa shigowa hannu wofi ba. Amma da za a tambaye shi wace ce a cikinsu ke tsoron kaji, sai ya yi canke.

Gidan a hannun matarsa Huda yake, mace mai ƙarancin magana da saurin hannu.

A shekarar korona, ƙanwar Huda ta haihu a Omdurman, an yi mata aiki. Huda ta ce za ta je kwana uku, ta bar mini yaran. Abdussalami da kansa ya kai ta a motarsa. Kwana biyu da zuwanta aka hana motocin fasinja fita daga jiha zuwa jiha. Ita can, shi nan, motar kuma tana kwance a harabar mai ita.

Mu a ƙauye, gaskiya, ba mu ɗauki abin da zafi ba. Ana ta gaisawa da hannu, ana dafa kafaɗa. Shi kuwa ya ga Hartum da idonsa, ya ga mutane da ƙyalle a baki, ya ji abin da fasinja ke faɗi. Ya dawo a tsorace. Ya zo ya kwashi 'ya'yansa daga ɗakina, ya tsaya can nesa kamar mai bin bashin gaisuwa.

Na ce, "Mijina, mi na yi maka?"

Ya ce, "Haboba," wato kaka, "ke tsohuwa ce, ga ciwon sukari. Ni kullum numfashin mutum arba'in nake shaƙa. In na kashe ki, wa zan riƙa saki?"

Ya shige ya rufe ƙofa, ya rataye sabulu a bakin randa.

A garinmu, in mace ba ta gida, ba a barin namiji da tukunya. Kwano ne zai riƙa shigowa ta kowace kusurwa, kuma ba a mayar da kwano wofi, ko dabino uku ne a saka. Ranar farko maƙwabciyarsu Sharifa ta aika da kisra da miyar busasshiyar kuɓewa. Ya mayar da kwanon a rufe yadda ya zo, ko murfin bai ɗaga ba. Kafin la'asar duk matan layin sun ji. Sharifa ta ce ko kare ya shiga gidan nan ba za ta leƙa ba.

Sai ya kama wanki. Rediyo ta ce a wanke, shi kuma bai ji inda aka ce a tsaya ba. Ya wanke ƙofa, ya wanke ƙafafun gado, ya wanke takalman da ba wanda ya saka tun bara. Akuyarsu ce kaɗai ta tsira, don ta fi shi gudu. A rana ta uku da hantsi na ji ana kankarar wani abu. Na kife turmi na hau. Ga mijina a tsugune, kumfa har gwiwar hannu, ga tulun ƙullun Huda a kife a rana, cikinsa fes kamar yau aka sayo shi.

Wanda bai san kisra ba, bari in gaya masa. Garin dawa ake kwaɓawa da ruwa da yamma, a bar shi ya kwana ya yi tsami, da safe a shimfiɗa shi siriri a kan doka, wato faffaɗan kaskon ƙarfe. Amma tsamin ba daga sama yake faɗowa ba. Kullum ana rage ɗan ƙullun jiya a gindin tulu, shi ke kama sabon. Shi ya sa ba a wanke tulun. Na Huda kuwa, ranar da aka kawo ta amarya, kakarta Zainabu ce ta riƙo shi a cinya cikin mota, ta ce tsamin na uwarta ne tun suna garin Mai Wurno.

Na ce, "Mi ka aikata?"

Ya ɗago yana murmushi. "Wari yake, Haboba. Wallahi kamar wani abu ya mutu a ciki."

Na ce, "Yanzu dai ya mutu."

Da na yi masa bayani sai murmushin ya bushe. Ya dubi tulun, ya dube ni, ya ce kada in gaya wa Huda. Na ce ni ba ni da waya, baki kawai gare ni.

Ni ma a lokacin na ɗauka abin dariya ne. Ba a yi kwana biyu ba na daina dariya.

Hanaa ta bar cin abinci. Da farko tana ɗan tsoma burodi a shayi, sai burodin ya yi wuyar samu. Ya dafa mata adas, ɗan ƙaramin waken nan na miya, ta kau da kai. Ya soya taliya da sukari, abin da Kausar za ta sayar da 'yankunnenta a kansa, Hanaa ta tura da ƙafa. Ba kuka take ba, da ma kukan ne da sauƙi. Kullum da safe sai ta fito da gashi a tsaye, ta je rumfar girki, ta zauna kusa da dokar da ba wuta, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Kwana huɗu shayi da madara kaɗai ke shiga cikinta. Zaren duwatsun adon da ke wuyan hannunta, wanda da sai an murza yake juyawa, ya zame ya faɗi a tsakar gida.

Abdussalami ya ce cutar ce. Sau ashirin a yini yana taɓa goshinta, ba zafi. In Huda ta kira sai ya gyara murya ya ce kowa lafiya lau, ya miƙa wa Kausar wayar yana zare mata ido.

Kausar ce ta warware masa. Ina jinsu ta katanga. Yaran yanzu Larabci ya fi zama a bakinsu, amma abin da ta ce shi ne: "Baba, ai ta farko take jira."

"Ta farkon me?"

"Kisra ta farko. Kullum tana yagewa, don doka ba ta gama zafi ba. Mama sai ta naɗe ta, ta ɗiga man riɗi da gishiri, ta ba Hanaa. In ba ta ci wannan ba, ba ta cin komai."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka yaye ta."

Shekara guda kenan ana wannan abu kowace safiya a gidansa, a lokacin da shi yana can kan kwalta yana faɗa da masu lori. Na sha tunanin wannan. Mutum yana iya ciyar da gida shekara da shekaru bai san abin da gidan ke ci ba.

Ya gwada da kansa. Ya kwaɓa gari da ruwa nan take ya zuba a doka. Abin ya manne, ya ƙone, wanda ya fita kuma salam. Hanaa ta sunsuna ta ajiye masa a gwiwa. Ya haɗiye girman kansa ya aika Kausar bakin ƙofar Sharifa. Sharifa, da ta rantse, ta ba da fal kwano, don yarinya ba ta yi mata laifi ba. Amma kisra ce mai sanyi, a ninke, daga wani gida. Hanaa ko kallo.

Da la'asar na ji an ce, "Haboba." Ba tsohuwa ba, ba sakakkiya ba. Na hau turmi. Yana tsaye jikin katanga, idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Na kashe abin kakarta, yanzu ga yarinyar tana narkewa a hannuna. Ni mota na sani. In ta ƙi tashi na san inda zan buɗe."

Na yi niyyar in gasa shi kaɗan, amma akwai yarinya da yunwa. Na sauka, na shiga ɗaki. Gwiwoyina sun daɗe da hana ni zaman doka, amma ban taɓa rabuwa da ɗan ƙullu a gwangwani ba, don kunun safe. Na ɗebo rabin kofi na ɗora a kan katanga.

Ya tsaya yana kallonsa. Mutumin da ya yi mako bai bar ko tsinke ya ƙetare katangar nan ba.

Na ce, "Ga shi. Sai dai ban san ta inda za ka sa mai sabulu ba."

Ya yi wata irin dariya da ta fi kama da tari. Ya sa hannu biyu ya ɗauka.

Washegari rana na fitowa ina kan turmi, shi yana kan 'yar kujerar Huda, gwiwoyinsa har kunne. Ƙullun ya tashi, tun daga inda nake ina jin tsaminsa. Na sa ya goge dokar da tsumman mai. Na sa ya nemo gargariba a cikin kofin ruwa, ɗan guntun kaba da ake shimfiɗa ƙullun da shi.

"Zuba a sama! Ja shi dama, komo hagu. Kada ka tsaya tsakiya! Kai, haka kake shan kwana da bayin Allah a mota?"

"Haboba, hannuna na ƙuna!"

"Na Huda na ƙarfe ne?"

Ya ɓamɓaro ta. Ta yage gida uku. Ya ɗago a karaye zai jefar.

Na ce, "Ita ce. Naɗe."

Kausar ta kawo man riɗi da gishiri. Hanaa na zaune inda ta saba zama, hannuwa a gwiwa. Ya miƙa mata. Ta dubi abin, ta dubi mutumin da ke kan kujerar uwarta, ta daɗe. Ni dai na riƙe katanga. Sai ta karɓa, ta hura sau biyu yadda ta ga ana yi, ta kai baki.

Ta cinye ta miƙo hannu. Nan Allah ya rufa wa mijina asiri ta hanyar da bai zata ba. A hannun Huda guda ɗaya ce ke yagewa. A hannun Abdussalami duk wadda ya ɗaga ta farko ce. Ranar Hanaa ta ci biyar.

Sauran makonnin na gan su ta saman katanga. Azumi ya shigo, yana dafa wa yara da rana bakinsa a bushe. Ya koyi kitso, irin wanda in an ga yarinya sai a tambaya ko faɗa ta yi. Ya mayar da gadon igiya bas: shi direba, Kausar mai karɓar kuɗin mota da ganyen dalbejiya, Hanaa fasinja mai rigima da ba ta sauka sai Omdurman. Ya gano Kausar ce ke tsoron kaji. Maza suka ji labarin doka, wani ya ɗaga murya daga waje ya kira shi yadda ake kiran direbobi, ya ce, "Ya usta, a ba mu na fam goma!" Ya ce su kawo kwano su ajiye a bakin ƙofa. Kwanon Sharifa kuwa ya mayar mata da kisrarsa a ciki, mai kauri kamar tafin takalmi. Ta ce ta ba akuya, akuya ta yi mata kallon raini. Amma washegari kwanon ya dawo da miya.

Bayan mako bakwai Huda ta samu wata lorin albasa da ke komowa wofi, ta iso da rana tsaka, ƙura har gira. Ta rungumi 'ya'yanta, ta ɗaga Hanaa ta jinjina nauyinta. Sannan, kafin ta cire mayafi, ta wuce rumfa ta buɗe tulu ta sunsuna.

Abdussalami ya tsaya bayanta yana murza hula. Ya faɗi komai, har da sabulun. Ya ce ya san abin kakarta ne, ba shi da abin da zai biya da shi.

Huda ta ɗago ta hango ni a kan turmi. Muka dubi juna.

Abin da bai sani ba shi ne, sau biyu tsamin nan yana mutuwa a hannun Huda kanta, sau ɗaya da ta yi jegon Kausar, sau ɗaya da zafin bazara ya lalata shi, kuma duk a wurina ta ɗiba. Ni ma nawa wurin Zainabu na samo shi shekara arba'in da suka wuce, da ya mutu a shekarar da ruwa ya ci mana ɗaki kuma, wurin Huda na karɓa. Ba macen da ta taɓa riƙe shi ita kaɗai. Yawo yake a layin nan daga tulu zuwa tulu, ta saman katanga.

Na buɗe baki zan faɗa. Huda ta ɗan girgiza mini kai. Ta juya ta ce masa, "Ma'alesh, ba komai. Sai ka riƙa kula da wannan."

Da safe ta zauna a kujerarta ta yi ta farko, ta naɗe, ta miƙa. Hanaa ta karɓa ta cinye. Ta biyu ta fito lafiyayya, siririya kamar takarda. Hanaa ta dube ta, ta tashi, ta je ta kamo ɗan yatsan ubanta tana ja.

An buɗe hanya daga baya, ya koma motarsa. Amma ran Juma'a ba ya ɗaukar lodin safe. Da hantsi nakan ji gargariba na karce doka da nauyin hannun da ba na mace ba, in kife turmi in hau. Hanaa na gefensa. Yakan naɗe guda ya ɗora mini a kan katanga ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Karɓi, tsohuwa, kafin in sake ki."

Har yau yagaggiya ce.