Kartar da na tsinta a aljihun Abban Hanifa

'Yan uwa, ku matso ku ji! Ɗazu ina wanki na tsinci karta a aljihun maigidana.

Na ce, "Abban Hanifa, caca ka fara?"

Ya yi dariya, ya ce, "Ɗauko mayafinki ki ga cacar."

Muka fita ƙofar gida. Ya jera kartar nan zagaye tsakanin rim ɗin motarsa da taya, ya fesa fentin gwangwani. Wallahi koɗaɗɗen rim ya koma ruwan gwal, ko ɗigo bai taɓa tayar ba!

Har wani mai adaidaita ya tsaya: "Alhaji, sabo ka saya?"

Ni kuwa tuni na kira yayarsa a Tarauni na kai ƙara, tana hanya. Me zan ce mata?