Kwalin Magani Bisa Keken Mansura

Mansura tela ce a Sabon Gari. Akwai wani wasan rediyo da take bi tun tana makaranta. In an gama, sai ta ƙirƙiro wa mutanen cikinsa wata rayuwa ta tura wa ƙawayenta ta waya. Labari tara ta fara, ko ɗaya ba ta ƙarasa ba.

Watan jiya likita ya ce abu biyu ne suka haɗu mata: TDAH, mai hana hankali zama wuri ɗaya, da otizim, mai sa ta riƙe abu guda gam. Ya rubuta mata magani don na farkon.

Kwana goma kwalin yana bisa keken ɗinki, ba ta buɗe ba, har yayarta Tasalla ta zo daga Tsibiri.

"Ke, wannan ado ne?"

"Yaya, tsoro nake. In hankalina ya kwanta, mutanen labarina suka yi shiru fa?"

"Kin tambayi likitan?"

"Dariya zai yi mani."

"Ni ma ga shi ina yi, kin mutu? Ɗauko mayafinki."

Mansura ta saka littafin labarunta cikin jaka, don likita ya ga abin da take tsoron rasawa.