Takardar da Na Ba Baba Didam

Ni ɗan Madakiya ne, mahaifina dattijon ikilisiya ne. Da na gama sakandare ban sami aiki ba, sai kawuna ya ajiye ni a shagonsa na buga takardu a Kafanchan. Hannuna yana da sauri a kwamfuta, mutane kuma sun yarda da ni. Ko tsarin sujadar Lahadi ni nake bugawa.

Da ƙaramin abu na fara. Wani maharbi ya kawo takardar izinin farautarsa da wa'adinta ya ƙare, ya roƙe ni in gyara masa kwanan wata. Na gyara, washegari ya kawo mini cinyar gada. Na ci, zuciyata ba ta ce mini komai ba. Kafin shekara ta zagayo na sa an sassaƙa mini hatimi irin na ma'aikatan gandun daji, ina buga takardar tun daga farko. Maharba daga Zonkwa da Kagoro suna zuwa, ina ce musu ina da mutum a ofis.

Doka ta hana farauta da damina, domin lokacin ne gada da mazo suke da ciki ko suke shayarwa. Sai ciyawa ta bushe ake buɗe daji. Ni kuwa da damina kasuwata take mutuwa, sai na ƙirƙiro wata takarda na kira ta izini na musamman.

Cikin watan Agusta Baba Didam ya shigo shago. Tsohon maharbi ne, aminin mahaifina, bai iya karatu ba. Katin gayyata ya zo a buga masa, za a naɗa ɗansa fasto. Cikin hira ya ce da a ce rani ne, da ya ciyar da baƙinsa naman daji. Bai roƙe ni komai ba. Ni na ce masa akwai hanya, na buga masa izini na musamman.

Ya daɗe yana juya takardar a hannunsa.

"Ɗana, tun kakanninmu ba a shiga daji da damina. Gwamnati ne ya ce a shiga?"

"An canza doka, Baba. Ga hatimi nan."

Ya ce mu ne muka yi karatu, mu muka sani. Ya biya, ya sa mini albarka.

Bayan kwana uku ma'aikatan gandun daji suka tare shi a hanya da gada ɗaure a bayan kekensa. Bai gudu ba, da murmushi ya miƙa musu takardar. Suka tafi da shi da bindigarsa. Da aka feɗe gadar a gaban jama'a, sai ga ɗa a cikinta.

Kwana tara yana tsare, ana tambayarsa wa ya ba shi takarda, ya ƙi faɗa saboda mahaifina. Na sani, na yi shiru. Ranar naɗin ɗansa na sa farar riga na je coci, na ga kujerarsa babu kowa, na zauna na ci shinkafa. Sauran maharban ne suka gaji suka faɗi sunana. Alƙali ya ba ni shekara biyu. Mahaifina ya ajiye dattijancinsa na ikilisiya ba tare da kowa ya ce ya ajiye ba.

A gidan yari na tuba, na roƙi Ubangiji gafara. Da aka sake ni, kafin in je gida na wuce gonar cittar Baba Didam, na durƙusa a tsakanin kunyoyin gonar. Ya jingina da fartanyarsa ya dube ni.

"Tsarewa bai dame ni ba," in ji shi. "Shekara hamsin ina harbi, ban taɓa kashe uwa da ɗa ba, sai da na ji maganarka."

Ya ɗaga ni, ya ce ya yafe. Amma bai sake shiga daji ba.

Ƙannena, ku da kuka yi makaranta, tsofaffinmu da idanunku suke karatu. In suka miƙo muku takarda, ku faɗa musu abin da ke ciki, ko da zai hana ku cin abinci ranar. In an rufe daji, ku bar shi a rufe. Yanzu noma nake yi a Madakiya. Kowace Lahadi Baba Didam ne yake fara gaishe ni a ƙofar coci, kuma har yau ban iya ɗaga kai in amsa ba.