Ranar da Na Kai Modibbo Roƙon Sa Hannu

Aikina a filin jirgin Jimeta wankin jirgi ne. Idan baƙo ya tambaye ni a wurin ɗaurin aure, nakan ce ina aikin jirgin sama, in yi shiru, in bar shi ya ƙarasa da kansa. Har yau akwai masu zaton ni nake tuƙawa. Makaranta kuwa na leƙa ta, ta leƙa ni, muka rabu ba wanda ya riƙe wani a zuciya.

Jirgin namu ƙarami ne, mai farfela ɗaya a hanci, na wata ƙungiyar agaji. A shekarun da tashin hankali ya rufe hanyoyin arewacin jihar, shi yake kai likita da magani, ya dawo da marasa lafiyan da ƙananan asibitocin can suka gaza. Ni ina wanke shi, ina riƙe tsani, ina miƙa sifana, in taya a tura shi cikin rumfa.

Mai kula da lafiyarsa wani injiniya ne, Ibo, Kirista, wanda ya daɗe a Jimeta har 'ya'yansa sun fi nawa Fulatanci. Muna kiransa Oga. Shi kuma yana ce mini Baba, ko da yake ban girme shi da wani abin kirki ba, furfura ce ta yi mini gaggawa.

Jirgin yana da littattafansa: na jiki, na inji, na farfela. Duk abin da aka yi masa, ko man inji aka canja, sai Oga ya wanke hannu da sabulu, ya zauna kan benci, ya rubuta kwanan wata da awoyin da jirgin ya yi a sama, da abin da ya gani, da abin da ya gyara. Ya sa hannu, ya buga hatimi mai lambar lasinsa. Matuƙi ba ya ɗaga jirgi sai ya ga wannan.

Nakan tsokane shi. "Oga, ko ranar da matata ta haihu ba a yi mata rubutu haka ba."

"Matarka ba ta tashi sama, Baba."

"Ba ka san ta ba ne," in ji ni.

Yayata, wadda muke kira Adda, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tana aure a wani gari can arewa, gindin duwatsu. Ciwon suga ya kama ƙafarta, aka kwantar da ita a asibitin garin daidai lokacin da ƙauyukan kewaye suke watsewa. Hanyar mota ba mai bin ta sai wanda ya yi sallama da iyalinsa. Na roƙi likitan ƙungiyar, ya duba bayaninta, ya sa ta cikin waɗanda za a ɗauko a tafiya ta gaba.

Na kira ta na faɗa mata. Muryarta ta yi ƙasa sosai, amma bakin yana nan.

"Kai za ka tuƙo? In kai ne, ka bar ni nan da ƙafata."

Ana gobe tafiya, Oga yana duba jirgi ya tarar da wata wayar ƙarfe, cikin waɗanda matuƙi yake juya wutsiya da su, ta fara tsintsinkewa. Akwai sabuwa a sito. Ya shiga ciki ya canja ta, ni ina haska masa tocila. Kafin la'asar ya gama. Ya wanke hannu, ya rubuta, ya sa hannu. Na ce alhamdulillahi.

Sai ya ce jirgi ba zai tashi gobe ba.

Dokar aikinsu ce. Idan aka taɓa wayoyin da ake juya jirgi da su, sa hannun mai gyara bai isa ba. Sai wani injiniya na biyu mai lasin ya duba da idonsa, ya sa hannu a ƙarƙashi. Wanda yake yi mana haka a Yola ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Za a turo wani daga Kano, amma ba a tsayar da rana ba.

Na kalli littafin. Wuri ne ɗan ƙarami da ba a cike ba, ga biro a hannun Oga. Na yi masa magana, ya ce ba zai yiwu ba. Na sake, ya sake.

A nan Yola, idan babba ya hana ka abu, ba ka tsayawa jayayya. Sai ka nemo wanda ba zai iya kallon idonsa ya ce a'a ba. Haka ake neman aure, haka ake dawo da matar da ta yi yaji, haka aka taɓa fito da ni daga hannun 'yan sanda a kan wata akuya da har gobe ba ni da laifi a kanta. Don haka da safe na nufi unguwar Alkalawa wurin Modibbo, abokin mahaifina, malami tsoho wanda ya yi shekaru yana zama gefen alƙali a kotu. Na ce masa akwai wani ogan wurin aikinmu da ya riƙe sa hannu, ran Adda kuma yana kan wannan sa hannun. Ya ɗauki sandarsa, muka hau keke mai ƙafa uku.

Da Oga ya hango shi, ya cire hula, ya rusuna har ƙasa, ya gaishe shi da Fulatanci. Ya kawo kujerarsa ta ofis, ya kawo ruwan sanyi. Aka yi gaisuwa mai tsawo. Ni ina gefe zuciyata ta kwanta, don ban taɓa ganin wanda ya rusuna wa Modibbo haka ya tashi da a'a a bakinsa ba.

Modibbo ya ce, "Ɗana, alfarma muka zo nema. Matar nan ita ce uwar wannan mara jin maganar. Ka taimaka."

Oga ya tashi. Ya ɗauko littafin, ya durƙusa gefen kujerar, ya buɗe shi a kan gwiwarsa, yana bi da yatsa.

"Baba, nan na rubuta na canja waya. Nan ni na sa hannu. Wannan wuri na ƙasa, na wani mutum ne."

"Kana da shakka a kan aikinka?"

"Babu, Baba. Na yi shi da kyau."

"To, me ya rage?"

"Ranar da na yi kuskure ma, haka zan ji a raina, cewa na yi da kyau."

Modibbo ya sunkuya ya dubi wurin da ba a cike ba, ko da yake ba ya karanta boko.

"Shi wanda zai sa hannu a nan, me yake cewa da sa hannun nasa?"

"Yana cewa, ni ma na duba da idona, na gani."

Modibbo ya ɗago kai. Sannan ya juyo gare ni, ya koma Fulatanci don ya rufa mini asiri, ya manta Oga yana ji.

"Ka ce mini alfarma ce. Ba ka ce mini shaida ce ba. Ka ɗauko ni da tsufana in roƙi mutum ya zama shaidu biyu shi kaɗai?"

Na ce, "Modibbo, Adda ce fa."

"Na san ta tun tana goyon ka. Likitan da matuƙin da za su hau, su ma suna da masu goyonsu."

Ya ɗaga hannu ya yi wa Adda addu'a mai tsawo. Oga ya sunkuyar da kai har aka shafa. Sannan Modibbo ya ce in mayar da shi gida. A hanya bai yi mini faɗa ba.

Kwanakin da suka biyo baya, kullum Oga yana kan waya, yana roƙo, yana faɗa da Turanci. Ni kuma ina kiran Adda. Tun ana ɗauka, har layin garin ya ɗauke gaba ɗaya. Na wanke jirgin da ba ya zuwa ko'ina har ba sauran abin wankewa.

Injiniyan Kano ya iso daga baya, wani siririn mutum mara yawan magana. Ya shiga cikin wutsiya da tocilarsa, ya taɓa, ya ja, ya sa matuƙi ya motsa wutsiyar. Bai daɗe ba ya fito. Bai sami komai ba. Aikin Oga daidai yake tun ranar farko. Ya sa hannu, ya buga hatiminsa, ya nemi inda zai yi salla.

Washegari da safe jirgi ya tashi. Da yamma ina tsaye bakin rumfa ya sauka. Likita ne ya fara fitowa, ya bar jakarsa a ciki, ya nufo ni kai tsaye. Tun daga tafiyarsa na gane. Adda ta rasu jiya, maƙwabta sun yi mata sutura sun rufe ta. Wurinta an ba wata mai naƙuda da ta wahala. Ni na kama gefe ɗaya na gadon da aka sauko da matar, don aikina ne, ba kuma wani a kusa.

Daga baya na tambayi likitan ko da an je ranar da aka sa da farko, da ta rayu. Ya ce ba zai iya ce mini e ba, ba zai iya ce mini a'a ba.

An yi zaman makoki a gidana a Damilu. Oga ya zo, matarsa tana biye da kular abinci. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma, ya yi mini ta'aziyya da muryar da da kyar na ji. Babban ɗan Adda, mai shago a kasuwar Jimeta, yana kusa da ni. Ya riga ya ji labarin. Ya matso ya ce, "Kawu, wannan ne ya tsare jirgin?"

Na ce, "Shi ne. Matsa masa ya shigo inuwa."

Bai matsa ba. Ya miƙe, ya sa takalminsa, ya fita daga gidan, bai dawo ba sai da Oga ya tafi.

Yanzu hanya ta buɗe, mun je tare da ɗan Adda mun ga kabarin. Oga ya yi ritaya, yana nan Jimeta, nakan je mu sha shayi. Ɗan Adda kuwa, in ya hango shi a kasuwa, sai ya juya yana gyara kaya a kan kanta har ya wuce. Na yi masa magana sau da yawa. Kullum sai ya ce, "Kawu, an duba ba a sami komai ba, ko?" In ce haka ne. Daga nan ba ni da abin ƙarawa, shi ma ba ya jiran in ƙara.