Wankan Inna

Shekarar da ɓarin jikin surukata Inna ya shanye, muna zaune a Jos Jarawa, ɗakinta na kallon nawa. Girki da wanki nawa ne. Wanka kuwa na 'yarta ne, yayar mijina, domin a gidansu matar ɗa ba ta ganin tsiraicin uwar miji. Daga Nasarawa Gwom take zuwa, bayan ta sallami masu sayen ƙosanta.

Da farko ƙarfe tara take isowa. Sai ya koma sha ɗaya, wata ran har azahar. Inna na kwance cikin jiƙaƙƙen zani, ga sanyin damina, ni kuma ina ta ɗumama ruwa yana hucewa.

Wata Laraba na je gyara mata filo, sai na ga bayanta ya yi ja, fata ta fara saɓulewa. Na kira Yaya a waya sau uku, ba ta ɗauka ba. Na tsaya bakin ƙofa da bokiti.

"Inna, ki yi haƙuri, zan wanke ki."

Ta juya fuskarta bango. Na lulluɓa mata zani, ina wankewa ta ƙarƙashi, kaina a sunkuye.

Ina cikin shafa mata man kaɗanya Yaya ta shigo.

"Wa ya sa ki?"

"Yaya, ki dubi bayanta."

"Ba bayanta na tambaye ki ba. So kike unguwa ta ce na yar da uwata, suruka ke wanke ta?"

"Ba mai ji daga bakina."

"Haka kuke, masu shiru-shirun nan. Tun asuba nake gaban wuta. In na bar kaskon, ke za ki ciyar min da yara?"

Ta ɗaga zanin da kanta, ta daɗe tana kallo. Inna ta motsa baki da ƙyar, ta ce, "Ku rufe ni."

Mu biyu muka kai hannu, Yaya ta ture nawa.

Washegari ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Ƙarfe takwas na ɗauki bokiti, haka jibi, haka gata. Ciwon ya bushe kafin ruwan damina ya ɗauke. Yaya ta koma zuwa ran Juma'a kawai, ta yi wa Inna kitso, mu gaisa a tsaye. Inna kuwa, har ta rasu, ba ta ƙara yarda ta ci abinci a gabana ba.